Gashin Bakin Farfesa

Babu wata jami'a da ta taɓa ba shi wannan suna. Masu zuwa aski ne suka laƙaba masa Farfesa, don ba a taɓa kawo zance a shagonsa ya ce bai sani ba. Ka ce ciwon haƙori, ya san maganinsa. Ka ce jirgin sama, ya san abin da ke hana shi faɗowa. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa gane tsokana ce ba, har ya sa aka rubuta sunan da jan fenti a jikin ƙofar shagon.

Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko gashin bakinsa, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana kiwo, baƙi wuluk, a murɗe gefe da gefe, da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba. Na biyu talabijin ɗin da ya rataye sama da madubi. Duk Asabar ƙarfe huɗu akwai shirin dabbobi masu shayarwa, benci ya cika, wasu ma a tsaye a bakin ƙofa, wanda ya zo kallo kuma sau da yawa ba ya tafiya sai da sabon aski.

Matsalar ɗaya ce. Farfesa ba ya barin mai bayanin shirin ya kai ƙarshen magana. Rimot na hannunsa na hagu, kilifa na dama, da zarar mutumin ya buɗe baki sai ya rage murya.

"Ƙarya yake! Wai jemage mai shayarwa ne. Ku dube shi da fiffike! Tsuntsu ne, kawai dai bai yi sa'ar fuska ba."

Wani tsohon shugaban makaranta da kowa ke kira Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Farfesa, ai ga shi can an nuna ɗan yana shan nono."

"Haɗi ne, ranka ya daɗe. Su yanke nan, su liƙa can. Wancan ƙaton na teku mai feso ruwa ta tsakar ka ma ai cewa suka yi ba kifi ba ne. Abu a cikin ruwa tun haihuwarsa! To idan ba kifi ba ne, kawuna ne?"

Wani direban tasi, wanda ke kan kujerar aski, ya ce, "Don Allah ƙara mana murya mu ji abin da zakin zai yi."

"Ni zan gaya maka abin da zai yi. Barewar nan zai kama."

Zaki ya yi hamma ya kwanta.

"Kun gani ko? Ƙoshi gare shi. Sun ba shi abinci a bayan kyamara."

Haka aka yi ta haƙuri da shi, har ranar da mai gyaran waya na tsallaken titi, wanda ake kira Injiniya, ya sayo wani makeken talabijin ya kafa shi yana fuskantar titi, da lasifika biyu. Injiniya ba shi da yawan magana, kuma wannan shi ne babban makaminsa. Asabar ta farko wani tela cikin 'yan kallon Farfesa ya ce zai je a duba masa caji. Direba ya ce zai je ya kira tela. Asabar ta biyu ba wanda ma ya tsaya neman dalili. Hedimasta kaɗai ya rage a shagon, shi ma don an riga an aske masa rabin kai ne.

Abin ya yi wa Farfesa ciwo ƙwarai. Ya yar da tawul, ya tsallaka titi ko duba mota bai yi ba, ya tsaya ƙiƙam a gaban allon ya tare wa jama'a giwa.

"Kun bar ilimi kun zo kuna cinye ƙarya da lasifika biyu! Shirin banza, duk yanke-yanke. Wallahi ni da wayata sai in yi wanda ya fi shi cikin mako guda, kuma ba tare da na yanke ko daƙiƙa ɗaya ba."

Injiniya bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "To yi mana."

"Zan yi!"

"Idan jama'a suka ce na talabijin ya fi fa?"

Farfesa ya duba hagu ya duba dama, ya ga ido ya yi masa yawa. Hannunsa ya kai kan gashin baki. "A aske wannan. A gaban kowa."

Jama'a suka zaro ido. Tela har da salati.

"Amma idan nawa ya ci," in ji Farfesa, yana kaɗa yatsa, "a wannan allon naka za a nuna shi. Kwana bakwai, safe da yamma, murya a ƙure, kowa ya ji ya gani."

Hedimasta ya iso da rabin aski da tawul a wuya, ya ciro biro ya rubuta sharuɗɗan a bayan kwalin caja. Ba yankewa. Ba ragewa. Ba wanda zai kalla kafin ranar, har shi mai shirin. Wannan na ƙarshen Farfesa ne da kansa ya ce a ƙara, wai gwani ba ya duba aikinsa sau biyu. Kowa ya sa hannu.

'Yan biyunsa suna makarantar kwana, don haka babu mai riƙe masa waya sai matarsa. Ya same ta tana guga a falo, ya zauna ya karanta mata darasi.

"Maman 'yan biyu, aikin nan ba shi da wuya, ko ke za ki iya. Doka biyu ce. Ta ɗaya, ki bi abin da ke motsi. Haka manyan masu ɗauka suke yi. Ta biyu, kada ki kashe. Ko sama za ta faɗo, ko ni da bakina na ce ki kashe, kada ki kashe. Rantse."

Ta kafe dutsen guga ta dube shi. Shekara ashirin da biyar ke nan tana jin irin wannan murya, ta kuma san inda take ƙarewa. "Baban 'yan biyu, ka tabbata?"

"Rantse kawai."

Ta rantse.

Ran Litinin aka fara da farauta. Farfesa ya kama wani ƙaton ɓera a ɗakin ajiya da tarkon keji, ya kawo tsakar gida inda kyanwarsu ke shan hantsi a gindin tanki. Kyanwar nan tun da aka kawo ta ba ta taɓa kama ko ƙuda ba, ragowar abinci ya lalata ta. Ya durƙusa, ya ƙanƙance murya irin ta mai bayani.

"Ga damisa nan, uwar dawa. Kada shirunta ya ruɗe ku. Yanzu za ku ga mutuwa da idonku."

Ya buɗe keji. Ɓera ya fito, ya dubi kyanwa. Kyanwa ta buɗe ido ɗaya ta mayar ta rufe. Ɓera ya duba ko'ina yana neman rami, bai ga wani wuri mai duhu kusa ba sai ƙafar wandon Farfesa.

Kai jama'a! Ihun da ya yi sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. Ya yi tsalle, ya yi rawa, ya bugi cinya, ya bugi gwiwa, ya kira uwarsa da ta rasu shekara goma. Ɓera ya haura ta dama ya gangaro ta hagu ya shige magudanar ruwa, amma Farfesa bai sani ba, sai da ya tuɓe wandon ya yi jifa da shi ya ɗare kan tanki da gajeren wando. Kyanwa ta tashi, ta je ta kwanta a kan wandon.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kin ɗauki damisar da kyau?"

"Na bi abin da ke motsi."

"Madalla. Muryar ba komai, ranar ai ragewa za a yi, ni zan yi bayani da baki."

Ran Laraba sai garke. Ya taɓa gani a shirin da yake zagi cewa masu ɗauka sukan lulluɓe jikinsu da ganye, su shafa kashin dabba don kada a ji ƙanshin mutum. Wannan ɗaya bai ce ƙarya ba ne. Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da duk layin ke kira Gwaggo, tana da awaki bakwai da bunsuru a wani fili bayan gidanta. Da sassafe Farfesa ya yanko ɗanyen ganye ya ɗaure a kai, a ƙirji, a ƙugu, ya murtsuke jikinsa da abin da ya tsinto a garken, ya haura katanga ya tsuguna a tsakiya. Matarsa na leƙe ta kan katanga da waya, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ga barewa nan a cikin daji," ya raɗa. "Ba su san da mutum a nan ba."

Gaskiya ne, ba su san da mutum ba. Karin kumallo suka gani ya sauko musu daga sama. Akuya ta farko ta fara da kafaɗa. Ta biyu ta kama ƙugu. Kafin ya ce wani abu duk bakwai ɗin sun kewaye shi suna fizga, yana cewa "kai, kai" a hankali don kada ya ɓata shiri. Ganyen kai ya ƙare. Bunsuru ya matso, ya shinshina fuskarsa, ya ga wani abu baƙi a murɗe mai ƙamshin man kwakwa, ya kai baki ya kama gefen dama.

Nan fa ilimi ya ƙare. Farfesa ya kwaɗa wa bunsuru mari. Bunsuru ya ja da baya taku uku, ba don tsoro ba. Farfesa ya juya zai gudu, aka same shi daidai inda ake zama, ya tafi da ka cikin kwanon dusa.

Gwaggo ta fito da tsintsiya. "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawon awaki!"

"Gwaggo ni ne! Ni ne, mai aski!"

"Mai askin uban wa? Mai aski ne zai zo da wari haka?" Ta ci gaba da zuba masa, sai da ta ga gashin bakin ta cikin dusa sannan ta tsaya. Ta riƙe haɓa. "Ɗan nan, kai ne? Me ya yi zafi? In yunwa ce ai sai ka yi sallama."

Kwana biyu yana aski a tsaye a karkace, duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin daji ba na yara ba ne.

Ran Juma'a ya lissafa, ya ga har yanzu ba shi da wata babbar dabba ta ban mamaki. Akwai wani mai ɗaukar yashi da ke ɗaure jakinsa a gindin bishiya bayan shago idan zai je cin abincin rana. Farfesa ya zo da gwangwanin kumfar aski biyu a cikin leda, ya leƙa ko'ina.

"Kashe tukuna," ya ce wa matarsa ba tare da ya waiwayo ba. "Sai na gama shiri."

Ya shiga zana wa jaki farin layi daga wuya har gindi, yana yi yana ja da baya yana dubawa kamar mai gyaran fuskar ango. Da ya gama ya jefa gwangwanayen bayan bishiya, ya share hannu, ya murɗa abin da bunsuru ya bari.

"To kunna. Jama'a, bayan tafiyar kwana uku cikin ƙungurmin daji, ga jakin dawa. Ba kowa Allah ke nuna wa wannan ba."

Rana ta take. Layukan suka fara narkewa suna gangarowa. Ƙuda suka taru. Jaki ya gaji, ya girgiza jiki tun daga kunne har wutsiya, kumfa ta tashi ta rufe Farfesa fari fat, sannan ya saki kuka mai tsawo wanda ya fito da mai yashi daga rumfar abinci da loma a hannu.

"Malam, lafiya? Aske min jaki za ka yi?"

Abin da ya biyo baya, gudu ne. Mai yashi na da shebur.

Da yamma Farfesa ya cire memori daga waya, ya sa a ambulan, ya liƙe da kansa, ya kai wa Hedimasta. Hankalinsa kwance. A ganinsa akwai damisa a kwance cikin izza, akwai garken barewa na kiwo, akwai jakin dawa na daƙiƙa goma ko fi. Sauran kuwa bakinsa zai cike.

Asabar ƙarfe huɗu titin ya cika har masu mota na yin hon. Labari ya zaga. Gwaggo ta zo da kujerarta, mai yashi ya zo, Maman 'yan biyu ta tsaya can gefe kusa da mai sayar da lemo. Farfesa ya iso cikin farar riga, gashin baki ya sha mai, gefen dama ya ɗan fi na hagu gajarta, da sandar nuni a hannu.

"Injiniya, rage murya. Ni zan yi bayani."

Hedimasta ya ɗaga kwalin caja. "Ba yankewa, ba ragewa. Ga sa hannunka."

Aka kunna.

Kyanwa ta bayyana na ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido. Daga nan kyamara ta bar ta, don ba ta motsi. Sai ga Farfesa ya cika allo, babba fiye da yadda Allah ya yi shi, yana tsalle yana kiran uwarsa ta lasifika biyu. Ga wando a sama. Ga gajeren wando mai zanen furanni a kan tanki.

Titi ya fashe. Direba ya faɗo daga benci. Tela ya rungume sandar wutar lantarki yana hawaye.

"Wannan gwaji ne!" in ji Farfesa, yana kaɗa sanda. "Ba a fara ba tukuna!"

Aka shiga garke. Awaki na ci, kyamara na kan wanda ake ci. Da bunsuru ya ja da baya taku uku, jama'a suka ƙirga tare da shi da ƙarfi. Gwaggo ta ga kanta da tsintsiya ta miƙe tsaye tana nuna allo. "Ga ni nan! Wallahi ga ni nan! Ashe haka nake da ƙarfi?"

Sai jaki. Muryar Farfesa ta fito tar, har tsallaken titi: "Kashe tukuna. Sai na gama shiri." Ga shi nan yana leƙe-leƙe, ga gwangwani, ga layi na ɗaya, ga na biyu. Mutumin da ya yi wata uku yana cewa shirin talabijin haɗi ne.

Ya juya ya nemo matarsa da ido. "Ba na ce ki kashe ba?"

"Kai ka sa na rantse, Baban 'yan biyu."

Da aka gama Hedimasta ya share tabarau ya ce a faɗi ra'ayi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba bayan kowane shiri.

Tela ya ce, "Ni dai na talabijin yana sa ni gyangyaɗi. Zaki ya yi awa guda yana kwance. Wannan kuwa dabbar ba ta huta ba ko sau ɗaya."

Direba ya ce, "Sun nuna mana birai iri goma sha biyu, ban ga wanda ya hau tanki da saurin nan ba."

Mai yashi ya ce shi ƙorafinsa ɗaya, an yanke inda ya kusa cim masa. Maman 'yan biyu ta ce ba a yanke ba, gudun ne ya fi ƙarfin ƙafarta.

Hedimasta ya ce, "Ta fuskar ilimi, an nuna farauta, an nuna kiwo, an nuna yadda halitta ke kare kanta. Wanda ya ce na Farfesa ya fi, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi har na masu wucewa a kan babur. Injiniya ma ya ajiye sukurdireba ya ɗaga biyu.

Farfesa ya saki ajiyar zuciya, ya shafa gashin baki. Ya tsira. Har ya fara gyara tsayuwa zai ce dama ya faɗa, sai ya ji Hedimasta na karanta ƙasan kwali.

"Kwana bakwai. Safe da yamma. Murya a ƙure."

Farfesa ya dubi titi. Ya tuna wannan titin ne surukinsa ke bi zuwa kasuwa kullum. Ya tuna jibi 'yan biyu za su dawo hutu, kuma a nan daidai mota ke sauke su.

"Tsaya! Jama'a ku ji tsoron Allah! Ina nawa ina nasu? Mutanen nan shekaru suke yi a daji! Ku dubi aikin kyamara, ku dubi bayani!"

"Ba haɗi ba ne?" in ji tela.

"Wane irin haɗi? Gaskiya ce tsantsa!"

"Jemage fa?" in ji Hedimasta.

"Mai shayarwa ne! Na gani da idona!"

"Na tekun?"

"Shi ma! Ba kifi ba ne! Ku sake ƙuri'a!"

Ba wanda ya sauke hannu. Farfesa ya ruga shagonsa, ya dawo da reza da ɗan madubi. Ya hau kan benci inda kowa zai gan shi.

"Na faɗi! Ni na ce na faɗi! Ga hukuncin nan!"

Ya rufe ido ya ja. Gefen hagu, mai tsawon, wanda ko bunsuru bai samu ba, ya sauko a hankali ya faɗi kan takalmin Injiniya. Kiwon shekara ashirin da biyu. Leɓen da ke ƙasa ya fito fari sol kamar bai taɓa ganin rana ba, kuma gaskiya rabonsa da ita an daɗe. Hawaye na gaske suka cika masa ido.

"Shi ke nan ko? A ba ni memorina."

Hedimasta ya duba kwali sama da ƙasa, ya juya bayansa, ya girgiza kai cikin tausayi. "Farfesa, gashin baki naka ne, kana da ikon yin yadda ka so da shi. Amma ƙuri'a ta jama'a ce. Ka ci. Gobe ƙarfe bakwai na safe za a fara."

Injiniya ya riga ya danna a sake daga farko. Ihun kiran uwa ya sake tashi a titi.

Farfesa na tsaye kan benci, reza a hannu, rabin fuska da gashi rabi babu. Ya waiwaya neman wanda zai tausaya masa, sai ya hangi matarsa ta matso gaba, ta ɗaga waya da hannu biyu tana saita shi.

"Maman 'yan biyu! Me kike yi kuma?"

"Motsi na gani," in ji ta.